Tirelar lantarki da hutun minti 45: cajar megawat ake jira ko layin wuta?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu zauna a kan maganar cajin manyan motoci masu lantarki a Turai, domin duk inda aka tayar da ita sai ka ji ana ta ambaton megawat kamar da shi magana ta ƙare. Ni a ganina ba daga caja ake fara lissafin ba, daga agogon direba ake farawa.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 561/2006 ta ce direban tirela ba zai wuce awa 4 da rabi a kan sitiyari ba sai ya huta minti 45. A yini awa 9 ce tasa, sau biyu a mako a yarda masa 10, sannan ya yi hutun kwana na awa 11, wanda ana iya ragewa zuwa 9. Takograf, wato na'urar da ke cikin motar mai lissafin lokacin tuƙi da hutu, yana rubuta kowane minti. To motar da ke gudun kilomita 80 a awa za ta ci kilomita 360 kafin hutu. Tirela mai tan 40 tana shan wajen kilowat-awa 1.1 zuwa 1.3 a kowace kilomita idan hanya ba ta da tudu sosai. Mu ɗauki 1.2. Ke nan ta sha kusan 430 kafin direba ya faka.

Idan ana so a mayar da wannan 430 ɗin gaba ɗaya a cikin hutu, sai an sami matsakaicin kilowat 570 daga farko har ƙarshe. Kuma minti 45 ɗin ba duka na caji ba ne: fakawa, janyo kebul, jiran mota da caja su gaisa, duk suna cin minti 5 ko fiye. A minti 40 lissafin ya koma wajen 650. Cajar CCS, wato tsarin caji mai sauri da aka saba da shi a Turai, da ke bakin hanya yanzu iyakarta kilowat 350 zuwa 400. Shin wannan giɓin ne ya sa dole sai MCS, wato sabon tsarin cajin megawat na manyan motoci, ko kuwa akwai abin da lissafina ya tsallake?

Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka daidai ne, amma ka ɗora shi a kan cewa sai an mayar da duk abin da aka sha. Ba a bukatar haka. Motar ta kwana a yadin kamfani, ta fito da baturi cike.

Ɗauki eActros 600 ta Mercedes, wadda aka fara ƙerawa da yawa a Wörth ta Jamus a ƙarshen 2024. Baturi uku ne, kowanne kilowat-awa 207, jimla 621, abin da ake iya amfani da shi wajen 600. Ta sha 430, ta iso tashar caji da saura 170. A ce cajar ta ba da matsakaicin 350 na minti 40, an ƙara 233, an koma 403. Cire 60 na ko-ta-kwana, domin ba direban da zai yarda ya shiga yadi da baturi a sifiri. Saura 343, wato kilomita 285 ke nan. Haɗa da 360 na safe, ka sami 645.

Kuma wa ke riƙe 80 daga safe har yamma? Da cunkoso da aikin hanya da shiga gari, matsakaicin gudu na faɗowa wajen 70 zuwa 73. Awa 9 a haka kilomita 650 ne. Ka ga CCS mai 400 ta kusa rufe yinin direba ɗaya.

Sarkin Tasha:
Ta kusa, amma ba ta rufe ba. Kuma lissafin bazara kuka yi. A kai motar Sweden ko Poland a watan Janairu mu gani.

Mai Sikeli:
Gaskiyarka Sarki, a hunturu abin na canzawa. Iska mai sanyi ta fi kauri, tana ƙara tokare motar, taya na ƙara ja a kan jiƙaƙƙen titi, ga ɗuma kan mota da ɗuma baturin kansa. Idan sha ya hau 1.45, kilomita 360 ta cinye 522, ka iso da saura 78 kacal. A nan 233 ɗin da za a ƙara ba za ta kai ka kilomita 180 ba bayan cire na ko-ta-kwana. Mafita a yau ita ce raba hutu: doka ta yarda a yi minti 15 da farko, 30 daga baya, sai a yi caji sau biyu. Amma sai in akwai caja a duka wuraren biyu, kuma babu wani a kanta.

Oga Wayarin:
Kafin a yi nisa, bari a gyara wani abu, domin lambar da ke jikin caja tana yaudarar mutane. Kilowat ba komai ba ne illa bolt sau amfiya. Fulogin CCS mai kebul ɗin da ruwa ke sanyayawa yana ɗaukar amfiya 500 a ci gaba. Idan baturin motar yana kan bolt 800, ka sami 400. Idan yana kan bolt 650, a kan wannan cajar dai, 325 za ka samu, ko da an rubuta 400 da manyan haruffa. Kuma bolt ɗin baturi ba tsayayye ba ne, yana ƙasa idan baturi ya yi ƙasa, wato daidai lokacin da ka fi bukatar sauri.

Sannan ita ma motar tana da nata iyaka. Volvo FH Electric ta farko, mai baturi har 540, kilowat 250 take karɓa, shi ya sa kamfanin ya ce awa 2 da rabi take cika. Scania mai 624 da MAN eTGX suna karɓar 375 ta CCS. Duk cajar CCS da ka kai su, ba za su wuce haka ba.

Abu na uku, yawancin tashoshi ba kowane fulogi ke da nasa injin ba. Akwai kabad ɗin wuta guda, cike da ƙananan injinan juya wuta, ana raba su tsakanin fulogai. Kabad mai 600 da ke ciyar da fulogi biyu zai ba mota ɗaya 400, amma ta biyu na shigowa sai kowa ya koma 300. Direba na cin abinci bai sani ba, sai ya dawo ya tarar da baturi bai kai inda ya zata ba.

Baban Ilham:
To Oga, ai ka ƙara wa MCS hujja ke nan.

Oga Wayarin:
Ta wani gefen, e. Ƙungiyar CharIN ce ta tsara MCS, aka nuna fulogin a Oslo a 2022. A takarda yana kaiwa bolt 1,250 da amfiya 3,000, wato megawat 3.75. Amma babu tirelar da ke shan wannan. MAN da ABB sun nuna cajin sama da kilowat 700 a Munich a watan Maris na 2024, Mercedes kuma ta kai 1,000 a gwajinta cikin 2024 ɗin. Abin da Mercedes ke faɗa shi ne daga kashi 20 zuwa 80 cikin kusan minti 30. Ku lissafa: kashi 60 na 600 shi ne 360, a rabin awa, matsakaicin 720 ke nan. Megawat ɗin ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, daga nan sai baturi ya fara neman a rage.

Dalilin da ya sa ba a ƙara wa CCS amfiya kawai aka huta ba, zafi ne. Zafin da ke tashi a mahaɗa yana bin amfiya sau kanta. Ka ninka amfiya sau uku, zafi ya ninka sau tara. Mu ɗauka turjiyar bakin fulogi miliom 0.1 ce: a amfiya 500 wat 25 take fitarwa, a 1,500 ta koma 225, a 3,000 ta kai 900. Yanzu a ce ƙura ko tsatsa ta hau ƙarfen, ko sifirin ɗinsa ya saki, turjiya ta koma 0.3. A amfiya 1,500 ka sami wat 675 a wuri ɗaya da bai wuce kan yatsa ba. Shi ya sa akwai ma'aunin zafi a jikin kowane ƙarfe, yana doshin digiri 90 sai caja ta rage wuta da kanta. Yawancin cajin da ake cewa "ya yi sanyi ba dalili" daga nan ne, ko daga famfon ruwan sanyaya kebul da ya raunana, ko matatar iskar kabad da ta toshe.

A MCS an kasa caji mataki uku: har amfiya 350 ba sanyaya, har 1,500 a sanyaya fulogi da kebul, har 3,000 kuma sai an sanyaya soket ɗin motar ma. Wani gyara mai kyau da suka yi shi ne hanyar magana tsakanin mota da caja. CCS tana tura saƙo ne a kan siririyar wayar sigina da hayaniyar wuta ke iya dagulawa, shi ya sa wani lokaci ka sa fulogi, a yi ta jira, ta ƙi tashi. MCS an ba ta wayoyin Ethernet nata daban. Sannan an tsayar da wurin soket: gefen hagu, bayan tayar gaba. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma kebul mai ɗaukar amfiya dubu ba a iya yin sa dogo, nauyi da asarar wuta ba za su bari ba.

Injiniya Talatu:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Caja ana sayenta a kafa cikin watanni. Abin da ke bayan katanga shi ne matsala, wato layin da zai kawo wutar.

Dokar AFIR, mai lamba 2023/1804, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024, ta ce zuwa ƙarshen 2030 a kan hanyoyin ƙashin baya na TEN-T, wato manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashen Tarayyar Turai, a sami tashar cajin manyan motoci kowace kilomita 60, a kowane hannu, mai jimlar kilowat 3,600, da aƙalla fulogi biyu masu 350. A sauran hanyoyin kowace kilomita 100, mai 1,500. Kafin nan akwai matakai: kashi 15 na tsawon hanyoyin zuwa ƙarshen 2025, rabi zuwa ƙarshen 2027. Ku lura, dokar ba ta ce megawat ba, 350 ta ce.

Don a gane girman 3,600: taransifomar unguwa da muka saba gani a kan dakali an kewaye ta da waya, babbar cikinsu ita ce mai kVA 500. Tasha ɗaya ta cinye irinta bakwai da ɗoriya. Kuma wuraren hutun direbobi a Turai an gina su ne a daji tsakanin garuruwa, wutar da aka ja musu ta fitilu ce da firij da kicin. Sai an ja sabon kebul na kilobolt 10 ko 20 daga ƙaramar tashar wuta mafi kusa, wani lokaci kilomitoci da yawa, ta gonakin mutane, kowane mai gona da takardarsa. Idan wurin zai girma ya wuce megawat 10 zuwa 20, layin matsakaici ba zai ɗauka ba, sai an hau na kilobolt 110 an gina tashar wuta ta kansa. Wannan aikin shekaru ne, kuma manyan taransifomomi kansu ana bin layi kafin a samu a masana'anta.

Ku duba Holan. Ƙasa ce da ta yi gaba a motocin lantarki, amma TenneT, kamfanin manyan layukan wuta na ƙasar, da kamfanonin rarraba wuta irin su Liander da Enexis sun ayyana yankuna da yawa a matsayin cikakku, dubban kamfanoni na jerin jiran a ba su sabon layi ko a ƙara musu. Mai tireloli zai iya sayen mota 20 yau, ya rasa wutar da zai ba su a yadinsa.

Sarkin Tasha:
Hajiya, ba a sa babban baturi a tashar ya riƙa tara wuta? Na ga ana yi.

Injiniya Talatu:
Ana yi, kuma yana da amfani, sai dai baturi ba ya haifar da wuta, ajiya kawai yake yi. A ce layin da aka ba ka kilowat 500 ne. A awa 24 iyakar abin da zai shigo 12,000. Idan kowace tirela na ɗaukar 300, mota 40 ke nan a takarda, kafin a cire kusan kashi 10 da ke ɓacewa wajen shiga da fita daga baturin. Matsalar ita ce tireloli ba sa zuwa a jere ɗaya bayan ɗaya. Sun tashi da asuba tare, awa 4 da rabi ta cika musu tare, sai su taru tsakanin hantsi da azahar. Mota 6 a lokaci guda a kan 400 suna jan 2,400. Layi ya ba da 500, baturi ya cike 1,900. Baturi mai kilowat-awa 2,000 zai ƙare cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma sai ya yi awa 4 yana cika ba tare da kowa ya taɓa caja ba. Don haka yana taimaka wa tashar da ke jiran layinta, ko mai motoci kaɗan, amma ba ya maye gurbin layi a hanya mai cunkoso.

Inda ya fi biyan kuɗinsa shi ne wajen bil. A Jamus babban mai shan wuta yana biyan kuɗi biyu: na abin da ya sha, da na ƙololuwar da ya ja. Mita na auna matsakaicin kowane minti 15, mafi girma a shekara shi ake caje ka a kai. Rana ɗaya mota 8 suka haɗu, ka biya kuɗin wannan ƙololuwar shekara guda. Baturi na aske wannan tsinin.

Mai Sikeli:
Wannan ya kawo mu kan kuɗi, wanda shi ne zai yanke hukunci, ba amfiya ba. Milence, kamfanin da Daimler Truck da Traton da Volvo suka haɗa a 2022 da jarin yuro miliyan 500 da burin fulogi 1,700 zuwa 2027, ya buɗe tasharsa ta farko a Venlo ta Holan a Disambar 2023, ya fara sayar da kilowat-awa a kusan santi 40 ban da haraji. Ga misali da lambobin da za ku iya canzawa: tirelar gas mai shan lita 28 a kilomita 100, lita a yuro 1.30, ta ci yuro 36. Ta lantarki mai shan 120 a santi 40 ta ci 48. A yadin kamfani, idan wuta ta tsaya a santi 20, ta ci 24. Ka ga a bakin hanya lantarki ya fi gas tsada, a gida ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Abin da ke cike ramin a Jamus kuɗin hanya ne. Tun Disambar 2023 da aka ƙara harajin hayaƙi, tirelar gas mai aksil biyar tana biyan kusan santi 35 a kowace kilomita, ta lantarki kuwa an yafe mata. Yuro 35 ke nan a kilomita 100. Da wannan ko cajin bakin hanya ya zama riba.

Me ya sa na bakin hanya ke da tsada? Rashin ciniki. Fulogin da ke aiki kashi 10 na yini, awa 2.4 a matsakaicin 350, ya sayar da 840. Idan tsayayyen kuɗinsa na yini, da filin da taransifoma da gyara da bashin banki, yuro 150 ne a misali, santi 18 ya hau kan kowane kilowat-awa kafin a sayi wutar ma. Ciniki ya kai kashi 25, ya faɗo santi 7. Shi ya sa nake ganin tashar da ta zuba kuɗi a fulogin megawat kafin motocin da ke shansa su yi yawa, kanta ta ɗora wa kaya. Gara a ja babban layi tun farko, a binne bututun kebul har inda za a faɗaɗa, a fara da 400.

Baban Ilham:
A nan ban bi ka duka ba, Malam. Fulogi mai sauri yana sallamar mota da wuri. A lokacin cunkoson azahar da Injiniya ta faɗa, wurin fakawa ɗaya mai 400 mota ɗaya zai sallama a awa, mai 800 ya sallami biyu. Inda fili ya yi ƙaranci, saurin shi ne arha. Kuma akwai motocin da direba biyu ke tuƙawa, ɗaya na hutawa a kujerar gefe, su ba su da hutun minti 45 da za a ɓoye caji a ciki. Duk mintin da suka tsaya asara ce.

Sarkin Tasha:
Mota biyu a awa in direban farko ya tashi ke nan. Ku tuna da takograf. Caji ya ƙare a minti 30, saura minti 15 na hutu. Idan direba ya motsa motar don ya ba wani wuri, na'ura ta rubuta tuƙi, hutunsa ya karye. In bai motsa ba, ya tare fulogi, wasu tashoshin ma su caje shi kuɗin zama. To ina amfanin saurin da ya wuce hutu?

Na dare ya fi wannan ciwo. Wuraren kwanan tireloli a manyan hanyoyin Jamus sun gaza da dubbai, da yamma za ka ga motoci har kan hanyar shiga. Direban da ya sami wuri ba zai tashi ƙarfe 2 na dare ya matsar da mota ba, doka ma ba ta yarda ba. Don haka na dare sai dai kowane wurin kwana da nasa fulogi. Kuma ba ya bukatar ƙarfi: 500 a awa 9 bai kai kilowat 60 ba. AFIR ma 100 ta ce a wuraren fakawa masu tsaro, biyu zuwa 2027, huɗu zuwa 2030. Huɗu a filin da mota 80 ke kwana, wannan ai somin taɓi ne.

Sai tsarin filin. Kan mota da bodi mita 16.5 ne, mai bodi a jiki da ke jan wani bodin 18.75. Wurin caji dole ya zama shiga ta nan fita ta can. Duk tashar da sai an cire bodi ko an yi ribas kafin kebul ya kai, ta cinye wa direba minti 10 zuwa 15, kuma wannan aiki ne a idon doka, ba hutu ba. Ga ginshiƙin caja da ke cin faɗi, inda da mota 10 ke fakawa sai ya koma 7 ko 8.

Abu Sadik:
Ku leƙa Sin ma, domin can ne motocin suka fi yawa, kuma ba ta wannan hanyar suka fara ba. Sun fara ne da gajerun hanyoyi masu maimaituwa: tashar jirgin ruwa, ma'adinai, masana'antar ƙarfe a wurare irin Tangshan na lardin Hebei. Baturin yana tsaye a bayan kan mota, galibi mai 282, motar ta shiga rumfa, ƙugiya ta sauko ta ɗaga shi, ta sa cikakke, cikin kusan minti 5. CATL ta fito da nata tsarin mai suna Qiji da ake sauyawa ta ƙarƙashin mota. Masu caji kuma suna soka fulogi biyu a mota ɗaya, kowanne amfiya 250, sannan a 2025 Huawei ta fito da caja mai kaiwa megawat 1.5.

Injiniya Talatu:
Sauya baturi yana warware matsalar lokaci, kuma yana yi wa layi sauƙi domin ana cajin na ajiya a hankali, dare da rana. Amma yawan wutar da za a ja bai ragu da ko ɗaya ba. Tashar da ke sauya 100 a yini, kowanne an zuba masa 250, tana bukatar 25,000, wato sama da megawat ɗaya ba tsayawa. Sannan sai ka sayi baturan da suka fi motocin yawa, kuma sai kamfanonin mota sun yarda da siffa ɗaya. A Turai kowa ya gina baturinsa a jikin shasi yadda ya ga dama, ga dokar nauyi: an ƙara wa motar lantarki tan 2, amma aksil mai ja bai wuce tan 11.5 ba, don haka inda aka ɗora baturi ba abin wasa ba ne. Dogon baturi a bayan kai kuma yana cin tsawon da doka ta ƙayyade.

Abu Sadik:
Haka ne Hajiya. Abu ɗaya da ya shafi masu shigo da motoci ƙasashenmu, tunda yawancin sabbin manyan motocin da ke shigowa na Sin ne irin su HOWO da Shacman: wadda aka ƙera don kasuwar Sin soket ɗin GB/T gare ta, ba ya shiga CCS, kuma harshen da suke magana da caja ma daban ne. A tabbatar da soket kafin a biya kuɗi, a sayi caja tare da mota. A kuma duba takardar cajar a ga daga digiri nawa take fara rage wuta, domin da yawa daga wajen 40 zuwa 50 suke farawa, kabad ɗin da ke tsaye a rana kuwa cikinsa ya fi waje zafi.

Oga Wayarin:
Zafi da sanyi duka suna rage gudu, ta hanya daban. Baturi ya fi son karɓar wuta tsakanin digiri 25 da 35. Idan ya yi sanyi, musamman nau'in baturin LFP irin na eActros 600, tura masa amfiya da yawa na sa lithiyam ya kwanta a fuskar farantin maimakon ya shige ciki, wannan lahani ne da ba ya gyaruwa. Kwamfutar baturi ta san haka, sai ta ƙi karɓa. Baturin da ya yi awa 4 yana aiki a hanya da ɗuminsa yake isowa, matsalar tana kan motar da ta kwana a waje ba a jone ba. Maganinta a bar ta a jone har safe, a saita lokacin tashi, ta ɗuma baturi da kan mota da wutar caja, ba da tata ba.

Ita ma cajar tana fitar da nata zafin. Mai inganci kashi 96 a megawat ɗaya tana zubar da kilowat 40 a matsayin zafi, dole fanka ko ruwa su kwashe shi. Idan caji ya ƙi tashi kuwa, ga abin da ake dubawa bi da bi. Na farko makullin fulogi: nauyin kebul na karkatar da shi, ƙugiyar ba ta kama ba, a ɗaga shi da hannu har a ji ta ƙulle. Na biyu gwajin rufin waya da caja ke yi kafin ta saki wuta, ruwa ko gishirin titi a cikin soket na sa ta ƙi. Na uku ƙaramin baturin mota mai bolt 24, in ya yi rauni manyan makunnan ba za su rufe ba ko da babban baturi lafiya lau yake. Na huɗu katin biya ko manhaja. A cire fulogi, a jira minti ɗaya, a sake daga farko kafin a kira kowa.

Baban Ilham:
To mai tsara tafiyar tirela a yau, da me zai yi aiki?

Mai Sikeli:
Da lambar hunturu, ba ta takardar talla ba: 1.4 ga mota cike. Ya sa tsayawa inda baturi zai kasance tsakanin kashi 15 da 30, domin a nan ya fi shan wuta da sauri, ya cire a kashi 80 sai in dole. Ya lissafa minti 38 zuwa 40 na caji, a kashi 85 na lambar da ke jikin caja. Kowace tsayawa ta kasance da tasha ta biyu cikin kilomita 40 zuwa 50 in ta farko ta cika ko ta lalace. Inda ake iya kama wuri tun kafin a iso, a kama. Sannan ya tambayi wurin sauke kaya ko suna da fulogi a bakin sito: awa ɗaya da rabi ana sauke kaya a kan kilowat 150 ta ba da sama da 200, kusan daidai da abin da za a saya a bakin hanya, a rabin kuɗin.

Injiniya Talatu:
Mai yadi kuma ya kai takardar neman ƙarin wuta wurin kamfanin rarrabawa kafin ya yi odar mota, ba bayan ta iso ba. Ya nemi abin da zai bukata nan da shekara 5. Mota 20 da kowacce ke son 400 cikin awa 10 na dare, jimla 8,000 ke nan, matsakaicin kilowat 800 idan manhaja na raba wutar bi da bi. In aka bar kowacce ta ja 150 da zarar an jona ta, 3,000 za a nema, kuma wannan layin ne ba za a samu da wuri ba.